Almakashin Bahago

"Sake faɗa in ji, Mama," in ji lauyan Ciyaman, idonsa na kan agogon hannunsa.

Matar Bahago ta gyara mayafinta, ta sake faɗa kamar mai biya karatu. "Da safe ya buɗe ido, ya ce idan Ciyaman ya zo in ba shi almakashinsa."

Lauyan ya ce yawwa, haka ake so. Kada ta ƙara, kada ta rage, kada kuma ta tsaya dogon bayani, domin dogon bayani shi ke kayar da mai shaida. Idan lauyan ɗaya ɓangaren ya taso mata da hayaniya, ta dubi alƙaliya kawai ta maimaita abin da ta faɗa. Ya tattare baƙar rigarsa ya wuce, ya bar ta tsaye a ƙarshen barandar kotun, kusa da wata taga da gilashinta ya fashe aka toshe da kwali.

Barandar cike take da teloli. Da ganinsu ba sai an gaya maka sana'arsu ba: kowa ya sha guga, ɗinkin kowa ya zauna a jikinsa, ga kuma guntun zare maƙale a kafaɗar wannan da gwiwar wancan. Sun rabu gida biyu. Manya suna zaune a benci ta dama, kewaye da shugabansu, wanda tun da ya hau kujera sunansa na yanka ya ɓace, sai dai Ciyaman. Matasa suna tsaye ta hagu, kewaye da Bakanike, mai gyara musu kekunan ɗinki, wanda shi ya shigar da ƙarar. Mutanen da suka yi shekaru suna aron allura da dutsen guga a tsakaninsu, yau ko gaisuwa sai ta bakin lauya.

Ƙungiyar gama-kai ce tasu. Tun gashin kansu yana baƙi su Ciyaman da Bahago suka haɗa ƙarfi suka kama wani tsohon sito a bayan kasuwa, suka jera kekunansu a ciki, suna sayen yadi da zare a sari, suna karɓar kwangilar kayan makaranta da na ma'aikatan asibiti su raba a tsakaninsu. Kowane mamba yana da gurbinsa, wato inda kekensa yake zaune, yana kuma da ƙuri'arsa ɗaya.

To tela, kowa ya sani, ba shi da lokacin kansa. Kullum akwai wanda ya yi wa alkawarin jiya. Idan aka kira taro, sai ka tarar wannan ya tafi awo, wancan ya tafi sari, wani kuma ya ɓoye wa mai kaya. Sai suka samo wa kansu hanya: wanda ba zai samu zuwa ba, ya aiko da almakashinsa. Tela ba ya ba da aron almakashinsa ko ga ɗan cikinsa, saboda haka idan aka ga almakashin mutum a kan teburin taro, an san da yardarsa ya zo. A ƙirga shi cikin waɗanda suka halarta, idan an zo ƙuri'a wanda ya kawo shi ya ɗaga shi sama. Ba su taɓa rubuta wannan a kundin dokokinsu ba, domin ba su ga amfanin rubuta abin da kowa ya sani ba.

Bara zangon Ciyaman na biyu ya zo ƙarshe, kundi kuwa ya ce zango biyu ne, mutum ya koma kan kekensa. Ciyaman ya dubi kujera, kujera ta dube shi, suka ga ba su gaji da juna ba. Sai ya kawo gyaran kundi mai baki biyu. Na farko, a cire iyakar zango. Na biyu, idan mamba ya rasu, matarsa ta gaji gurbinsa da ƙuri'arsa, maimakon a mayar da gurbin ga ƙungiya a ba na gaba a layin masu jira. Ya ɗinke su wuri guda, ƙuri'a ɗaya: wanda ya ƙi na farko ya ƙi na biyu. A lokacin Bahago yana kwance a asibiti rai a hannun Allah, kowa kuma ya san wa ake nufi da na biyun. Masu cewa Ciyaman ya yi dabara ba su yi ƙarya ba. Masu cewa ya yi don amininsa, su ma ba su yi ƙarya ba.

Ba a gyara kundi sai kashi biyu cikin ukun mambobi sun halarta, don haka mutanen Bakanike suka ƙaurace wa taron, su da almakasansu. Aka ƙirga mutane, aka ƙirga almakasai, saura ɗaya adadin ya cika. Ciyaman ya ce kowa ya zauna a inda yake, ya hau babur ya nufi asibiti, ya dawo da almakashin Bahago. Da shi aka cika adadi, aka gyara kundi, aka sake zaɓen Ciyaman. Yanzu da magana ta zo kotu, an yi ta ja-in-ja har ta tsaya a wuri ɗaya: aiko da almakashi zai iya zama wakilci, amma sai idan mai shi ne ya aiko da shi da bakinsa, cikin hankalinsa. Ciyaman ya riga ya shaida cewa shi dai ya tarar da Bahago yana barci, matarsa ce ta miƙa masa da saƙo. Ke nan kayan duka sun dawo kanta.

Ita dai Matar Bahago ba ta san kan kundi ba, ba ta kuma damu da wanda ke kan kujera ba. Abin da ta sani shi ne, da ta fita takaba, Ciyaman ya tako har gida ya ce ta zo ta zauna a kan keken mijinta, doka ta ba ta. Ta iya ɗinki tun tana budurwa, hannun ne kawai ya yi sanyi. 'Yarsu tilo tana aure a wani gari mai nisa. Gidan ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, amma tun da aka fita da Bahago ya yi mata yawa. Bahago mutum ne mai surutu. Yana wanka yana magana, yana cin abinci yana gardama da rediyo. Da ya tafi, sai ta wuni ba ta ji muryar kowa ba, har da tata. A sito kuwa akwai mai tambayarta ko ta karya, akwai mai yi mata ƙorafin ta daɗe da dutsen guga, akwai Uwar Biyu a gurbin da ke gefenta, wadda ke ba ta labarin mutanen gari kaf ba tare da an tambaye ta ba. Gaskiyar magana, ba abin da ɗinkin ke kawowa ne ya riƙe ta a can ba. Tsoron komawa gidan nan take yi. Ta kuma sani sarai, idan gyaran kundi ya rushe, da gurbinta zai rushe, tunda zare ɗaya ya ɗinke shi da kujerar Ciyaman.

Ciyaman ya taso daga benci ya zo inda take. Ya rame a 'yan watannin nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, abin kunya ga tela.

"Amarya, kin karya kuwa?"

Haka yake kiranta tun ranar da ya zama abokin ango, ko furfurar da ta fito mata ba ta sa ya canza ba. Ta ce ta karya, Yaya, alhali ko ruwa ba ta iya haɗiya ba. Ya tsaya yana murza hularsa kamar zai ce wani abu, amma idonsa bai yarda ya haɗu da nata ba. A duk barandar nan su biyu ne kawai suka san abin da ya faru a gefen gadon nan. Ya ce Allah Ya ba su sa'a, ta ce amin, ya koma wurinsa.

Sai da rana ta ɗaga aka kira ƙararsu. Ɗakin shari'ar bai kai yadda take tsammani girma ba. Fanka ɗaya ce ke juyawa, ita ma da ƙyar. Alƙaliya wata dattijuwa ce mai tabarau, komai da hannu take rubutawa, duk wanda ya yi sauri sai ta ɗaga biro ta ce, "A hankali." Aka sa Matar Bahago a akwatin shaida, aka rantsar da ita.

Magatakarda ya fito da almakashin daga wata jaka, an ɗaura masa 'yar takarda da zare a kunne. Rabonta da ganinsa tun ranar da ta miƙa shi. Lauyan Ciyaman ya karɓa, ya zura yatsunsa don ya nuna wa kotu, sai abin ya ƙi zama a hannunsa. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya gwada yanka gefen wata takarda, takardar ta lanƙwashe kawai. Teloli suka kwashe da dariya, na dama da na hagu baki ɗaya, har sai da magatakarda ya tsawatar. Alƙaliya ta tambayi mene ne abin dariya. Matar Bahago ta ce almakashin na hannun hagu ne, ya mai shari'a, ba ya ci a hannun kowa sai mai shi. Alƙaliya ta rubuta wannan ma.

Lauyan ya bi da ita a sannu. Ta san wannan almakashi? Ta sani. Na waye? Na mijinta. Yaya aka yi ya je asibiti? A kan aiki ya faɗi, da jakarsa aka kwashe shi, jakar tana ƙarƙashin gado har ƙarshe. Wa ke jinyarsa? Ita. Ita da wa? Ita kaɗai.

"To, Mama, gaya wa kotu abin da mijinki ya ce miki a safiyar ranar taron."

Ta buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshenta, ta biya ta a gida, ta biya ta a mota, ta biya ta a baranda. Sai ta ga alƙaliya ta ɗora biro a kan takarda tana jira, ta kuma gane cewa duk abin da ya fito daga bakinta yanzu za a rubuta shi, ya zauna, ya zama shi ne abin da Bahago ya faɗa na ƙarshe a duniya.

Tun ranar da ya faɗi bai ƙara cewa uffan ba. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, ya kwanta shiru, ido rufe, sai numfashi. Wata nas ta ce mata ta riƙa yi masa magana, yana ji. Ta yi ta yi. Ta ba shi labarin 'yarsu, ta ba shi labarin farashin kaya, ta tuna masa faɗan da suka yi a kan labule tun suna sababbin aure, har ta ce ta yarda shi ke da gaskiya, ko zai ji daɗi ya tanka. Tana jiƙa masa leɓe da auduga tana kallon bakin, tana roƙon Allah kalma ɗaya. Ko sunanta, ko "ki yafe ni", ko ma ya ce ta cika surutu. Ranar taron Ciyaman ya shigo yana haki, ya riƙe hannun amininsa ya kira shi, ya sake kira, shiru. Ya juyo ya tambaye ta ina almakashin, ta sunkuya ta ɗauko ta ba shi, ba ta ma tambayi dalili ba. Washegari Bahago ya cika. Da masu ta'aziyya suka riƙa tambayarta ko ya bar wata magana, sai ta sunkuyar da kai kawai, domin abin yana yi mata ciwo fiye da yadda za ta iya faɗa.

Yanzu kuma ana so ta ce ya buɗe ido. Ana so ta ce ya samu baki sau ɗaya, ya dube ta, bayan duk zaman da suka yi, abin da ya ga ya dace ya faɗa mata shi ne zancen almakashi.

"Mama," in ji lauyan, "kotu tana jiranki."

"Bai ce komai ba."

Lauyan ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya ce wataƙila ba ta fahimci tambayar ba. Ta ce ta fahimta. Tun da aka kwantar da shi bai yi magana ba, bai buɗe ido ba, har Allah Ya karɓi abinsa. Ita ce ta ɗauko almakashin ta ba Yaya, da hannunta, ba wanda ya aike ta.

Lauyan ya matso kusa, ya sassauta murya. Ba mugu ba ne, ƙofa yake ƙoƙarin buɗe mata. Ya ce ai ba da baki kaɗai ake magana ba. Ko da aka ambaci taro a gabansa ya gyaɗa kai? Ko ya motsa yatsa? Ko ya ɗan matsa mata hannu?

Ta yi tunani, tsakani da Allah, domin ita ma ta fi kowa son a ce hakan ta faru.

"Ni ce nake matsa nasa," ta ce.

Alƙaliya ta rubuta, ba ta ce a hankali ba. Lauyan Bakanike ya miƙe ya ce ba shi da tambaya ga wannan shaida, ya zauna yana ɓoye fara'arsa a bayan takardu. Aka ɗage zaman zuwa ranar yanke hukunci, amma ko tela mafi ƙarancin sani a ɗakin ya san inda hukuncin zai faɗa.

A waje, motar da suka yi haya da safe tana nan a inuwar bishiya, manya suna shiga ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ce kada ta shiga. Amma da ta iso bakin ƙofa sai ta ga an ɗora jaka a kujerar da ta zauna da safe, Uwar Biyu kuma ta dage da duban wayarta kamar yau ta fara ganin waya. Matar Bahago ta ce su je kawai, tana da saƙon da za ta kai cikin gari. Wani daga baya ya ce to, a sauka lafiya. Direba ya ja ƙofa.

Bakanike ne ya biyo ta da sauri, fuskarsa kamar an yi masa bushara. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce Inna, yau ta nuna musu abin da ake kira tsoron Allah. Ya ce kada ta damu, su ba su da matsala da maganar matan mamata, da zarar an yi sabon zaɓe za su dawo da ita gaban taro, a bi ta hanyar da ta dace.

"Ke dai ranar zaɓe ki fito da wuri, Inna, ki ba mu ƙuri'arki."

"Wace ƙuri'a, ɗana?"

Ya sosa ƙeya, ya ce ai za a duba, komai za a duba. Abokansa suka kira shi daga bakin ƙofa, ana so a ɗauki hoto da lauya, ya ce yana zuwa ya tafi.

Ta tari bas ta haya a bakin titi. Ta samu wuri a baya, tsakanin wani mai buhun albasa da wata mai goyo. Ta ciro waya ta kira 'yarta, ta yi ta ringi kafin a ɗauka. Yarinyar ta ce Umma lafiya dai, ta ce lafiya lau. Yarinyar ta ce to bari ta kira ta an jima, ga yaro yana kuka ga tukunya a wuta. Ta ce ba komai, ta gaishe da maigidan. Ta mayar da wayar jaka, ta riƙe jakar da hannu biyu har aka iso kasuwa.

Da ta shiga sito, kowa ya riga ya koma kan aikinsa. Ta yi sallama, aka amsa a maƙoshi. Ta wuce tsakanin layin kekuna zuwa gurbinta, na kusa da ginshiƙi, inda Bahago ya kafa ƙusa yana rataye tef ɗin awo. Akwai rigunan makaranta da suka rage mata kalmasa, ta zauna ta gama su, ta yanke zare, ta ninke. Ba wanda ya zage ta. Da ma an zage ta da ya fi mata sauƙi. Mai kawo shayi ya zo, aka yi ta miƙa kofuna ta saman kanta. Da ta je ɗaukar dutsen guga, wanda ke riƙe da shi ya ajiye ya matsa gefe tun kafin ta roƙa, kamar baƙuwa ce ta shigo. Matasan ma da ta yi wa rana ba su san yadda za su dube ta ba, tunda kowa ya san cikin masu jiran gurbi na gaba ɗan'uwan ɗayansu ne, magidanci mai iyali da ya daɗe yana ɗinki a bakin titi.

Ta zauna ta dubi wurin da kyau. Za ta iya ci gaba da zuwa har ranar hukunci, wataƙila ma bayan hukunci a ɗan kau da kai. Amma ta san yadda zaman zai kasance: ta zo da safe a amsa mata a maƙoshi, ta tashi da yamma a ji sanyi ta tafi, har ranar da za a turo wani ya tsaya a kanta yana murza hula. Ta miƙe ta fita, ta dawo da mai amalanke.

Ta kwashe sauran aikin da aka raba mata ta ɗora a teburin Uwar Biyu, ta ce ga na wane, ga na wane, wannan an yi awo, wancan saura botin. Uwar Biyu ba ta ɗago ba. Tana ta kokawa da allura, ta lashi bakin zare ta soka ya kauce, ta sake lasa. Idonta ya daɗe da yin rauni, Matar Bahago ce ke zura mata tun da ta zo.

"Kalma ɗaya fa," in ji Uwar Biyu, murya ƙasa-ƙasa, cikin fushi. "Yanzu wa zai riƙa zura mini zare?"

Matar Bahago ta karɓi allurar ta zura, ta miƙa mata. Uwar Biyu ta karɓa ba godiya, ta juya fuska wajen bango.

Keken tsohon ƙarfe ne, mai nauyin tsiya. Mai amalanke ya gwada ɗaga shi shi kaɗai ya kasa, ya duba hagu ya duba dama ko wani zai kama masa. Kowa ya sunkuya a kan aikinsa. Ba a taɓa ganin teloli sun mayar da hankali haka ba. Sai ƙofar ɗan ofishin katako da ke ƙurya ta buɗe, Ciyaman ya fito, ba hula a kansa.

"Ba wanda ya kore ki, Amarya. Hukunci ma da saura."

"Gara in fita da ƙafata, Yaya."

Ya tsaya yana kallon keken. Ya ce ita ma ta sani, da Bahago yana da baki a ranar nan, da ya ce ta ba shi.

"Na sani. Da har tef ɗin ma ya ce in haɗa maka."

"To me ya hana ki?"

"Ban ji ba ne, Yaya. Na so in ji, Allah Ya sani, amma ban ji ba."

Ciyaman ya naɗe hannun riga, ya ce wa mai amalanke ba haka ake ɗaukar keke ba, zai karya masa ƙafa. Ya cire bel ɗin keken, ya kwance kan keken daga teburinsa, ya naɗe shi da wani tsohon yadi, ya rungume shi ya kai amalanke da kansa. Suka kama teburin shi da mai amalanke suka ɗora. Ya ja igiya ya ɗaure, ya gwada ƙarfinta, ya sake ɗaurewa. Ta ce Allah Ya saka da alheri. Ya ɗaga mata hannu kawai, ya koma ofishinsa ya ja ƙofa.

Ta bi bayan amalanke a ƙafa, ta layin masu yadi, ta gaban masu gyaran waya, har unguwarsu. La'asar ta yi sanyi lokacin da suka iso. Mai amalanke ya taimaka mata suka shigar da keken ɗaki, suka ajiye shi a gindin taga, ya ɗora kan a mazauninsa kamar yadda ta nuna masa. Ta sallame shi, ta ji ƙarar ƙafar amalanken tana nisa har ta ɓace.

Ta mayar da bel, ta goge ƙurar hanya da gefen zanenta. Ta jawo kujera ta zauna, ta sa wani ƙyalle a ƙarƙashin allura don ta gwada ko hanya ta taɓa wani abu. Ta ɗora ƙafa ta taka.

Ƙarar ta cika ɗakin har ta firgita ta. Ba ta taɓa jin keken nan shi kaɗai ba. A sito kullum a cikin 'yan'uwansa yake, ba ka rarrabe na wane da na wane. Ashe yana da wata 'yar ƙwanƙwasa a kowane zagaye, wadda ko Bakanike bai taɓa ji ba. Ta ɗauke ƙafarta da sauri.

Shiru ya dawo ya zauna, daga ɗaki har tsakar gida. Ta saurara ko za ta ji motsin maƙwabta, ko kukan yaro, ko mai talla. Babu. Ta dubi wayarta a kan gado, ba wanda ya kira.

Ta mayar da ƙafarta ta ci gaba da takawa, ko zare ba ta sa ba.